Sunan da Obadiah Ya Karanta a Dagenham

Duk shekara tsofaffin ɗaliban kwalejin Gangaren Kuka kan taru a wani coci a Dagenham su yabi Rabaran Dachung, mai wa'azin Methodist da aka ce shi ya kafa garin da kwalejin. Jikansa Hosea, shugaban ƙungiyar, ya mayar da kakan nan sana'a. Har tarin da yake yi na gado ne.

Obadiah, ɗaya daga cikin tsofaffin ɗaliban, ya san ƙarya ce. Matarsa Damaris ta mutu tana cewa kakarta Chundung ce ta fara makarantar, shi kuwa shekara talatin yana amsa mata da "to, Mama" yana juya shafin jarida. Sai da ya binne ta ya shiga bas daga Thamesmead zuwa wani laburare kusa da Aldwych, inda ake ajiye wasiƙun mishan. Can ya ga rubutun Rabaran da hannunsa: ya iso ya tarar da wata bazawara, Chundung, ta haƙa rijiya, gidaje tara sun kewaye ta, tana koya wa yara haruffa a kan yashi. Shi ƙararrawa kawai ya rataya.

Ya kai wa Hosea kwafin. Hosea ya riƙe takardar da yatsu biyu, ya ce tarihi ba abin wasa ba ne.

"Baba, an riga an yi printing ɗin programme. Ka bar matattu su huta."

Amma al'adar taron ita ce wanda ya fi kowa tsufa ya karanta sunan wanda ya kafa kwalejin, jama'a su amsa da amin. Bana mutuwa ta share wa Obadiah layi, shi ne mafi tsufa.

Ya miƙe. Ya dubi likitoci da lauyoyin da suka koyi karatu a bayan matar da ba su san sunanta ba, rabinsu na latsa waya, sauran na leƙen teburin abinci. Ya ajiye takardar programme ɗin.

"Chundung, wadda ta haƙa rijiya, ta kafa gari da makaranta."

Mutum ɗari biyu suka ce amin da ƙarfi, kamar yadda za su ce ko da lambar bas ya karanta. Hosea kaɗai ya ji, bakinsa a buɗe, amin ɗinsa ya riga ya fita.

Obadiah ya zauna kusa da kujerar da Damaris ta saba zama.