Abin da Kyamarar Baba Ta Ɗauko

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana ɗaukar hoto a ɗan shagonsa da ke ƙasan benenmu. A 'yan watannin nan aiki ya ja baya. Yakan ce laifin waya ne, kowa ya zama mai hoto. Ni kuwa na yarda, don ban taɓa kama Baba da ƙarya ba.

Da aka fara sanarwa a rediyo cewa tauraruwa mai wutsiya za ta riƙa fitowa ta yamma bayan faɗuwar rana, ni na matsa masa.

"Baba, mu hau sama ka ɗauko ta. Ka wanke babba mu kafa a ƙofar shago, masu waya su ga bambanci."

"Auta, gwiwata ba ta son matakalar nan."

"Ai ga ni, zan riƙe ka."

Ya daɗe yana goge gilashin kyamara da bakin rigarsa kafin ya ce to.

Hawa biyar ne. Na saɓa ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara, shi yana biye da ni, hannunsa a jikin bango. A sama muka tarar maƙwabta sun riga mu, har sun ture igiyoyin shanya gefe. Ga Tela na hawa na biyu da matarsa, ga malamar asibiti da ko kayan aiki ba ta cire ba.

"Yauwa, gwani ya iso!" in ji Tela. "Kowa ya mayar da wayarsa aljihu, kada a ji kunya."

Baba ya yi dariya. Kafin ka ce me ya kafa ƙarfen ya ɗaure kyamara, ko kallon hannunsa bai yi ba. Jan sama ya dushe, ya koma toka-toka. Can sai matar Tela ta ƙwalla ihu.

"Ga ta can! Kusa da tankin ruwa!"

Na gan ta. Ɗan kai mai haske, da wutsiya kamar an ja alli da yatsa a kan allo.

"Baba, ka gan ta?"

"Na gani mana." Ya dafa kyamarar. "A wajenki dama da tankin take ko hagu?"

"Kai Baba, wajena da wajenka ai ɗaya ne! Dama."

Ya juya kyamarar dama, ya duƙa ya yi ta dannawa. Da Tela ya leƙo zai kalla, sai Baba ya rufe da tafin hannu, ya ce ba a kallon aiki sai an gama.

Da safe ɗoki bai bar ni na jira shi ba. Na buɗe shago na sa katin kyamarar a kwamfuta. Hoto na farko tanki ne. Na biyu gefen tankin ne da sandar eriya. Wani kafaɗar matar Tela ce, wani kuma duhu ne kawai. Hoto ashirin da uku, babu tauraruwa ko a ɗaya.

Na buɗe ayyukan watan jiya. Ango babu rabin kai. Wata mata a hoton fasfo, kunnenta ɗaya a waje. Sai na tuna mutumin da ya fita daga shagon yana tsaki, Baba ya ce mini rigimamme ne.

Ina nan zaune ya shigo. A ranar na fara lura da yadda yake shigowa: ya dafa ƙofa, ya lalubo kujera da ƙafa.

"Auta ce?"

Tsakanina da shi bai fi taku biyu ba.

"Baba, yatsu nawa na ɗaga?"

Ya zauna a hankali, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Kin buɗe hotunan ke nan."

"Tun yaushe, Baba?"

"Idona na hagu ya tafi tun kafin rasuwar mahaifiyarki. Na dama kuwa kamar ina leƙe ta bututu, kullum bututun ƙara tsukewa yake."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"In faɗa in zama me? Wa zai zauna a gaban makaho ya ce a ɗauke shi?"

Malamar asibiti ce ta haɗa mu da likitan ido. Ya haska, ya auna, ya sake haskawa. Ya ce hawan jinin ido ne, kuma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Ya ce da shekara biyu baya muka zo, da magana ta bambanta. Ya rubuta maganin ɗigawa, ya ce zai rage gudun abin, ba zai tsayar da shi ba. Baba ya yi ta yi masa godiya kamar wanda aka yi wa kyauta. Ni na fita baranda na yi kuka.

Makon bai ƙare ba ya miƙo mini makullin shago. Ban iya hoto ba, shi ma ya sani. Yanzu a ɗaki yake wuni, ba ya son sauka. In tsofaffin abokan cinikinsa sun zo nemansa, cewa yake in ce ya yi tafiya. Safe da yamma ina ɗiga masa magani, yana ɗaga kai kamar ƙaramin yaro.

Jiya da yamma muna zaune ya ce, "Auta, kunna mana fitila."

A kunne take. Na tashi na je na taɓa makunnin, na dawo na zauna kusa da shi.