Burodi a Tukunyar Idi

A Zongon Akara, in aka ce matar Bayahude, kowa da abin da zai ƙara. Mma Madina mai koko ta ce girman kai ne da ita, don an kai mata naman layya har ƙofa ta mayar da shi, tana ta godiya kamar ta karɓa. Matan ƙabilar Ga masu kifi suka ce ba su taɓa ganin mai saye irinta ba, sai ta juya kifi ta duba, in ba shi da ɓawo ta ajiye. Wasu suka ce tukwanenta kashi biyu ne, na nama ba sa gaisawa da na nono. Liman kuwa cewa ya yi a ƙyale ta, mutanen Annabi Musa ne, kuma mijinta bai taɓa rage wa kowa kamun yadi ba.

Duk ina ji, ba na tankawa. Sunanta Fireha, kuma ni na san ta fiye da su. Ita da mijinta Makaluf daga Suwaira suka zo, wani gari a bakin tekun ƙasar Fas, shi yana sayar da yadi da turare. Na shiga gidansu aiki shekarar da mijina Dramani ya bi soja zuwa Kumasi bai dawo ba. A watan nan ta haifi ɗanta Hayim. Kafin shi ta binne biyu, ni kuwa ban taɓa samu ba, sai muka taru a kansa mu biyu.

Da ya shiga shekara ta uku, gidan ya zama nasa. A bayana yake barci, a cinyar uwarsa yake cin abinci. Bai iya cewa Sahadatu ba, sai Sada. Ran Juma'a da yamma in uwarsa ta kunna fitilun Asabar ta rufe ido da hannu, shi ma sai ya rufe nasa yana leƙe ta tsakanin yatsu. Babban aikinsa ɓoye kaya. Mun tsinci cokali a takalmin ubansa, mun tsinci mabuɗin shago a cikin tulu. In aka tambaye shi sai ya buɗe hannu biyu ya ce, "Ya tafi."

A shekarar ne uwar Makaluf ta sauka daga jirgin ruwa, tsohuwa ce doguwa, Lalla Mazal. Ba ta jin Hausa, ni kuwa zama ya sa ina tsintar Larabcinsu. Ran da ta iso ta miƙa wa jikanta hannu, shi kuma ya ruga bayana ya ce, "Sada, goya ni." Tsohuwa ta dube ni, ta dubi surukarta.

"Da wane baki yake magana?"

Tun daga ranar ba ta daina ba. Yaro ba takalmi, yaro bai san addu'a ba, ƙasar da ba Bayahude goma da za su haɗu su yi salla ba wurin renon ɗa ba ce. Za ta koma da shi Suwaira. Makaluf mutum ne da ba ya iya ce wa uwarsa a'a, amma ya ce mata ta dakata. Idinsu na Fesah ya kusa. In ta ga gidan bai tsaya yadda na Suwaira ke tsayawa ba, ya yarda ta tafi da yaron.

Wannan idi kwana takwas ne, kuma a cikinsa ba sa cin burodi ko wani abu na alkama da ya kumbura. Ko ɓarɓashinsa ba a bari a gida. Mako biyu muka yi muna wanki. Muka fitar da katifu rana, muka kankare tebur, muka zazzage aljihun kowace riga. Fireha ta buɗe akwatin da ake ajiye tukwanen idi, waɗanda ba a taɓa su sai shekara-shekara, ta wanke su ta rufe, ta jera a ƙasan rumfar girki.

Ta kama hannuna ta ce, "Sahadatu, ke kin san abin da ke kaina. Ko ƙwaya ɗaya."

Na ce, "Uwar Hayim, ki kwantar da hankalinki."

Ranar jajibere da hantsi Makaluf ya ƙone sauran burodin gidan a tsakar gida. Da azahar aiki ya yi yawa, Hayim yana ta shiga ƙafafun mutane, sai uwarsa ta ce in zaga da shi. Na goya shi muka fita layi. A gindin rumfar Mma Madina wata mai burodi ta sauke tirenta, yana ta ƙamshi. Yaro ya gani. Ya miƙa hannu, ya yi kuka, ya shiɗe, har mutane suka fara juyowa.

Mma Madina ta ce, "Ke Sahadatu, wane irin reno ne wannan? Kin musuluntar da shi ne kika sa shi azumi?"

"Idinsu ne, ba sa ci."

"Su manya ba sa ci. Wannan ɗan tsakon fa? Ko watan azumi wa ya taɓa hana na goye nono? Allah bai fara rubuta masa komai ba tukuna."

Maganarta ta zauna mini, don abin da na tashi na sani ke nan. A wurinmu hani na manya ne, yaro ba ruwansa. Ga shi ba a gida muke ba, idin ma sai rana ta faɗi. Na karɓi ɗan gutsure na ba shi. Ya yi shiru nan take. Kafin mu koma na wanke masa baki, na kakkaɓe rigarsa, na duba hannunsa duka biyu. Hularsa ce ban cire ba.

Washegari da safe, ranar farko ta idi, Lalla Mazal ta ce ita za ta yi miya da hannunta. Ta ɗaga murfin babbar tukunyar idi, sai ta tsaya. Ba ta yi ihu ba. Ta kira ɗanta da sunansa, a hankali. Muka taru. Ga gutsuren burodi a gindin tukunya, da shaidar ƙananan haƙora a jikinsa.

Hayim ya leƙa, ya yi murna ya ce, "Ya dawo!"

Ba wanda ya yi dariya. Makaluf ya juyo gare ni, shi ne ya fi kowa Hausa a cikinsu.

"Sahadatu, jiya da kuka fita, ya ci wani abu?"

Na ji bakina ya ce, "A'a, Maigida. Ban ga komai ba."

Tsohuwa ta faɗi wata magana tana nuna ni da haɓa. Fireha ta tare gabana. Ta ce shekara uku ina gidanta ban taɓa yi mata ƙarya ba, ko allura ban ɗauka ba. Ta ce laifinta ne. Tun ran Lahadi ta wanke tukwanen ta rufe, ba ta sake buɗewa ba, kuma a lokacin tana ba yaron burodi. Ita ce ba ta duba ba. Tana faɗa, ni kuwa ina tsaye a bayanta ina kallon ƙasa.

A dokarsu ba a taɓa irin wannan abu a manyan ranakun idi. Makaluf ya ɗauko wata tasa ya kife a kan tukunyar, aka bar ta nan inda take. Kwana biyu tana tsakar rumfa. In zan ɗebo ruwa sai na kewaye ta, in zan yi shara sai na share gefenta. A rana ta uku ya ƙone burodin ya fasa tukunyar, uwarsa kuma ta ce magana ta ƙare, jirgin da zai zo bayan idi da shi za su tafi, ita da jikanta. Makaluf bai hana ba. Shi ya ba da kalmarsa.

Fireha ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta riƙa ware kayan yaron tana ninkewa. Ta ce mini can akwai sanyi, dole ta ɗinka masa masu kauri in idi ya wuce. Ta tambaye ni waƙar da nake yi masa in zai yi barci, ko zan faɗa mata a hankali ta rubuta da baƙaƙensu, ta ba kakarsa. Na faɗa mata. Ta rubuta, ta karanta mini, ta ce, "Haka ne?" Na ce haka ne. Wani lokaci sai ta tsaya da riga a hannu ta ce, "Na duba ƙarƙashin gado sau uku, Sahadatu. Me ya hana ni ɗaga murfi ɗaya?"

Ni mai saurare ce, haka Allah ya yi ni. Amma ban taɓa sanin saurare na iya zama mugunta ba sai a kwanakin nan.

Kullum na yi niyyar faɗa, sai in ga fuskar Makaluf yana tambayata, in ji a'ar da na ce. Da a ranar na faɗa, kuskure ne kawai. Yanzu ya zama ƙarya, kuma kowace safiya tana ƙara nauyi. Na kuma san in tsohuwa ta ji, ba zan sake kwana a gidan ba. Ko layi na daina bi ta gaban rumfar koko.

Mma Madina ta kama ni a bakin rijiya. "An ce za a kai ɗanki ƙasar Fas. Wai saboda burodi?"

Na ce haka aka ce.

"Burodin da na sani?"

Na ci gaba da jan guga. Ta yi tsaki ta ce, "To ke ina ribarki? Kin yi shiru, ya tafi. Kin faɗa, kin tafi. Ke dai kin rasa shi ta ko'ina. Uwar ce kawai ake ciniki a kanta."

Da wannan maganar na kwana, da ita na tashi.

Ranar da jirgi ya tsaya can nesa da gaɓa, masu kwale-kwale suka aiko a shirya kafin azahar. An ɗaure akwatin tsohuwa, an ɗora ƙullin Hayim a kai. Fireha ta sa masa takalmi, ya cire, ta sake sa masa. Ya zo ya ɗaga hannu ya ce in goya shi. Na goya shi. Na je gaban Makaluf.

"Maigida, ka tambaye ni wata magana ran idi."

"Na tambaye ki."

"Ni na ba shi burodin. Ran jajibere, a layi, bayan ka ƙone na gida. Na ɗauka yaro ba shi da hani. A hularsa ya shigo da shi. Gidan nan tsab yake, ni na kawo."

Ya dube ni. Sannan ya juya ya mayar wa uwarsa da Larabci, kalma bayan kalma. Tsohuwa ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce ai ga shi, abin da take faɗa ke nan, an bar yaro a hannun wadda ba ta san komai ba. Na zaci na ƙara ɓata abin.

Amma Makaluf ya ce, "Uwata, a kan gida na ba ki kalmata, ko matata ta iya riƙe shi. Ta riƙe. Kwana goma kina ce mata sakarya, tana cewa haka ne, alhali ba ta bar ko ƙwaya ba." Ban taɓa jin ya yi wa uwarsa doguwar magana haka ba. Ya sunkuya ya ɗauke ƙullin yaron daga kan akwati.

Tsohuwa ta dubi surukarta, kallon da ba irin na da ba. Ta ce to yaro ya zauna, amma wannan matar ba za ta ƙara goya shi ba, kuma sai ta ga fitata da idonta kafin ta shiga kwale-kwale. Makaluf ya dube ni. Na ce masa na ji, ba sai ya fassara ba.

Duk wannan ban kalli Fireha ba. Tana tsaye a bakin rumfa, daidai inda tukunyar ta zauna, da takalmi ɗaya a hannunta. Na kwance zanen goyo, na sauko da Hayim, na kai mata shi. Ya riƙe wuyan rigata, sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ta karɓe shi kawai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na durƙusa a gabanta, a gaban mijinta da surukarta da masu ɗaukar kaya da suka tsaya a ƙofa. Na ɗaga kai har muka haɗa ido.

"Uwar Hayim, kin tsaya mini kin ce ba na ƙarya, ni kuwa ina bayanki da ƙaryar a bakina. Na bar ki kina ninke kayan ɗanki. Na cuce ki. Don Allah ki yafe mini."