Kafaɗar Mai Wankan Gawa

"Kwanta ka mutu," in ji Baba Abdul-Fatawu. "Saki jiki mana, gawa ba ta taya mutum."

Sadick ya miƙe a kan kafet yana satar kallon agogo. Tasinsa na ƙasa a inda aka hana ajiye mota, fasinjoji na can suna sauka a filin jirgin JFK, shi kuwa ga shi a falon maƙwabci yana wasan mutuwa.

Baba ne ke wanke gawar 'yan zango a unguwar Morrisania, har ranar da jijiyar kafaɗarsa ta dama ta yage wajen ɗaga wani mamaci. Aka yi masa aiki. Matar da ke motsa masa hannun a asibiti takan auna iya inda yake tashi, ta tambaye shi zafin nawa ne cikin goma, ta ce ana samun sauƙi. Baba bai ɗauki wannan awo a bakin komai ba. A wurinsa, ranar da ya iya juya ƙato a kan gefensa, ranar ya warke. Sadick, wanda tsoro bai taɓa barinsa ya leƙa ɗakin wankan gawa ba, shi aka samu na gwaji.

Baba ya zura tafi ƙarƙashin kafaɗar Sadick, ya ja, ya saki da sauri yana cije leɓe.

"Baba, an ce kar ka ɗaga heavy abu kraa, hannun ba ya son nauyi ko kaɗan."

"Matar asibitin ce za ta wanke ku? Tun da na kwanta, duk wanda ya tafi baƙi ke wanke shi. Tashi ka juya ni, ka koya."

"Gobe, Baba. Za su ba ni ticket."

Haka ya yi ta jan goben nan. Ran Laraba yana layin jiran fasinja, Zuweira matar Baba ta kira shi. Baba ya faɗi a bakin lif bayan la'asar, zuciyarsa ta tsaya.

Washegari a gidan jana'iza Sadick ya kasa zama. Ya fita ya duba mota, ya dawo, ya sake alwala, ya kuma fita.

"Sadick," in ji Zuweira, "kar ka bari baƙo ya taɓa shi."

Tsoro ya cika shi, amma kunya ta fi tsoron yawa. Ya shiga. Liman na zuba ruwa, shi kuma ya zura tafi daidai inda Baba ke zura masa, gawar ta juyo ba gardama. Ashe jikinsa ya daɗe da haddace aikin.

Da ya zo hannun dama sai ya ɗaga shi a hankali, yana jiran inda ya saba cijewa. Hannun ya wuce wurin, ya tafi har kunne. Sadick ya tsaya riƙe da shi, ruwa na gangara masa cikin hannun riga.