Kwalba Mai Jan Zare

Mu uku Mama ta haifa, kuma dukanmu mun ƙware a son uwa daga nesa. Ni ina shagon ɗinki a wani gari, Yaya yana tuƙa babbar mota, Auta kuwa aure ya yi nisa da ita.

Da gwiwar Mama ta fara ciwo, na shiga kemis na sayo ƙwayoyin ƙarin lafiya, irin masu ƙarfafa ƙashi, na aika mata. Ban gaya wa kowa ba, so nake albarkar ta sauka a kaina ni kaɗai. Ashe Yaya ma ya kai nasa, cikin ƙatuwar kwalba mai hoton tsoho yana gudu. Auta ma ba a bar ta a baya ba.

Mama ba ta iya karatu ba. Sai ta jera kwalaben a bakin tagarta, ta ɗaura wa kowace zare a wuya: ja tawa, shuɗi ta Yaya, fari ta Auta. Kullum da safe ta sha ta kowa, don kada wani ya ce an raina kyautarsa. In ta ƙare, mai ita ya sake aikowa.

Ni kuwa in na tuna na kira ta, ƙafa a kan keken ɗinki, waya maƙale a kafaɗa, tambayata ɗaya ce.

"Mama, kina dai shan maganin?"

"Ina sha, 'yar nan. Sai dai ƙishirwa ta dame ni, abinci kuma ba ya shiga."

"Tsufa ne. Ki dage da sha."

Wannan maganar tawa har yau tana ci min rai.

Bayan wata tara maƙwabciyarta ta kira ni, ta ce Mama ta faɗi a ƙofar banɗaki. A asibiti muka haɗu mu uku, rabonmu da haka har na manta. Likita ta juye ledar kwalaben da maƙwabciyar ta kawo a kan gadon Mama, ta karanta su ɗaya bayan ɗaya.

"Abu ɗaya ne a cikinsu, suna kawai ya bambanta," in ji ta. "Ya taru a jininta har ya taɓa ƙoda. Za mu fara yi mata wankin ƙoda, amma ƙodar ba za ta koma yadda take ba."

Muka sunkuyar da kai. Likita ta ɗaga wata kwalba ta girgiza.

"Mama, waɗancan biyun har yanzu da ƙwayoyi a cikinsu ai. Me ya sa wannan ta riga sauran ƙarewa?"

Mama ta yi ɗan murmushi, muryarta da ƙyar take fita.

"In ɗayansu ya kwana biyu bai kira ba, sai in ƙara daga tasa. Sai in ji kamar ya leƙo ni."

Na kalli hannun likita. Jan zare ne a wuyan kwalbar, kuma ba ko ƙwaya ɗaya a ciki.