Yatsan Wijdan Bai Kai Kunama Ba

Shekara tara ke nan ina riƙe da ɗakin makamai na kamfanin gadinmu da ke garin Zarƙa, kusa da Amman. Ta taga nake miƙa bindiga, shi ya sa hannun mutum nake fara sani kafin fuskarsa. Ranar Lahadin da Wijdan ta ɗora nata a bakin tagar, kallo ɗaya na yi masa na san akwai matsala. Ɗan mitsitsi ne, yatsun gajeru, duk sun yi kanta saboda shekara shida a kan keken ɗinki a masana'anta.

Wijdan 'yar Abu Lu'ai ce, wanda muka yi soja tare, yanzu yana kwance ciwon ƙoda ya cinye shi. Kamfaninmu ya samu aikin gadin wani asibiti a Rusaifa, ana neman mata masu tsaron ƙofar mata, kuma duk wadda aka ɗauka asibitin zai riƙa duba iyayenta. Abin da ya kawo ta ke nan. Ta ci duk sauran jarrabawar, saura harbi. Sau uku ake ba mutum dama. Ta faɗi biyu lokacin ina ƙauye wajen tsinkar zaitun, ta ƙarshe kuwa gata ce, ranar Laraba.

"Ammu Abu Ra'id, don Allah duba mini bindigar nan," in ji ta. Ammu take ce mini, wato baffa. "Tsakiya nake saitawa, harsashi sai ya tafi hagu kamar an aike shi."

Na zare harsasan na miƙa mata. "Riƙe in gani, 'yata."

Ta riƙe. Mariƙin ya cika mata tafi har ya yi saura, manuniyarta da ƙyar kan yatsan yake taɓa kunamar. In za ta ja sai ta murɗa hannun gefe, bakin bindigar ya bi ta. Idonta lafiya lau, bindigar ma haka. Maganin abin bai fi minti ɗaya ba, kuma ni ne na zubar da shi da hannuna.

Shekara uku da suka wuce aka sayo mana ƙananan bindigogin nan guda arba'in. Kowace ta zo da roba uku da ake maƙalawa a bayan mariƙi, babba da matsakaiciya da ƙarama, a buge ƙusa ɗaya a sa wadda ta dace da hannun mutum. Na jera su a tebur na ce kowa ya zaɓa. Wanda ya fara ɗaga ƙaramar sai aka kwashe da dariya, wani ya ce, "Ka kai wa matarka!" Shi ke nan, kowa ya ce babba, har masu hannu kamar na ɗan makaranta. Ni ma na yi dariyar, har da riƙe ciki. Sauran robobin suka yi wata biyu a kwali suna tare mini hanya, ranar da za a zo duba tsabta na ɗora kwalin a motar shara.

Ban faɗa mata ba. Na ce ta je, zan san abin yi.

Ranar Litinin na birkice ɗakin, har bayan kabad na leƙa, babu. Na buga wa dillalin da ke Amman, ya ce sai an yi odar ta daga waje, kuma ko ƙusar bindiga ce sai takardun izini sun fito, in sa ran wata biyu. Na ɗauki wata babbar roba na hau gurza ta da magagari, ashe cikinta fanko ne, ban ci rabin abin da nake so ba ta huje. Na zauna ina kallonta, takaici kamar ya kashe ni.

Saura guda ɗaya a duk kamfanin, kuma na san inda take.

Abu Saƙar shi ne mai koyar da harbi, shi ne kuma mai ba da maki. Tsohon saje ne, ƙato, ga gashin baki ga murya, in ya yi tsawa a fili har masu gadin ƙofa sai sun miƙe. Amma hannunsa bai fi na Wijdan da wani abin kirki ba, shi ya sa kullum yana cikin aljihu ko a bayansa. A ranar dariyar nan shi ya fi kowa ɗaga murya, sai dai ya zare ƙarama ɗaya daga kwalin ya sa wa bindigarsa a ɓoye. Duk Alhamis yake kawo mini ita in goge, ina gani, ban taɓa cewa uffan ba. Sauran kwanakin tana ƙugunsa.

Ranar Talata na same shi shi kaɗai yana shan gahawa. Na rufe ƙofa.

"Abu Saƙar, alfarma na zo nema. Robar da ke bayan bindigarka, ara mini ita gobe da safe. Kafin azahar na mayar maka."

"Wace roba?"

"Ƙaramar."

Ya ajiye kofin a hankali. "Ka fara shan wani abu ne da tsufanka, Abu Ra'id? Babba ce a tawa, irin ta kowa."

"Haba, ɗan'uwa. Ni nake goge ta."

"To ka je a sake maka tabarau."

Na roƙe shi da girman Allah. Na tuna masa Abu Lu'ai, wanda ya taɓa goya shi a atisaye lokacin da ya karye. Sai ya sunkuyar da kai, muryar nan ta koma kamar ba tasa ba.

"Gobe ni zan fara harbi a gabansu, ka sani. Mutum ashirin, har da manaja. Kana so in tsaya da babbar, in watsa harsashi a hagu suna kallo? Shekara talatin ban taɓa kuskure a gaban ɗalibi ba." Ya miƙe ya gyara ɗamara. "Wanda bindiga ta fi ƙarfin hannunsa ya koma ɗinki. Kuma in na ji maganar nan a bakin wani, ba ni ba kai."

Na fito. Da na je wa manaja da maganar, tambayar farko da zai yi ita ce ina sauran robobin, kuma ina da 'ya'ya huɗu. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba, kuma har yau ina jin kunyarsa. Abin da na iya kawai, na koya wa Wijdan ta saita ɗan dama da tsakiya, dabarar da ni kaina na san ba ta da tabbas.

Ranar Laraba na tsaya a bayan layi. Abu Saƙar ya fara, harsashi biyar duk a tsakiya, tafin hannu ɗaya zai rufe su, aka yi ta tafi. Da aka zo kan Wijdan ta gyara ɗankwalinta, ta yi bisimilla. Goman farko dabarar ta yi aiki, har na fara sa rai. Daga nan hannun ya gaji da murɗawa, ina hango yatsan yana zamewa, harsasan suka fara komawa hagu ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye hannuwana a aljihu, babu abin da zan iya.

Maki saba'in ake nema. Ta samu sittin da shida.

Ta kawo bindigar taga, ta sa hannu a takarda. Idonta ya yi ja amma ba ta yi kuka ba.

"Kada ka damu, Ammu, ka yi iya ƙoƙarinka," in ji ta. "Hannuna ne. Haka Allah ya yi shi, ba laifin kowa ba ne." Har ta juya ta dawo. "Baba ya ce ka zo ranar Juma'a ku ci abinci, ya ce yana so ya yi maka godiya."

Na ce in Allah ya yarda.

Washegari Alhamis Abu Saƙar ya turo bindigarsa ta taga, yana kallon bango. Na kwance ta a kan tsumma. Ga ƙaramar robar nan, ta yi sumul saboda riƙo. Na ɗora tsinken ƙarfe a kan ƙusar na buga sau ɗaya, ta faɗo a tafina. Ko minti ɗayan ma bai cika ba. Na daɗe ina juya ta, sannan na goge ta, na mayar, na miƙa masa bindigarsa.

Ya zaro hannu daga aljihu ya karɓa.