Canjin Auta

Bakanike yana ƙarƙashin wata tsohuwar mota uwargidansa ta iso gareji da takardar sakamakon Auta, 'yarsu ta ƙarshe. Ya goge hannu a tsumma ya karɓa. Makin dai ba laifi, sai dai a ƙasa malamar aji ta yi rubutu da Turanci da jan biro. Turancinsa na bakin aiki ne, amma kalma ɗaya ya gane sarai, wadda kullum yake ji a bakin masu motoci: canji.

A sana'arsa, abin da aka ce a canza ya gama aiki ke nan, a cire shi a jefar a sa sabo. Ga Auta kuwa shiru-shiru ce, shekara biyu malamai na kukan ba ta buɗe baki a aji. Wato sun gaji, za su ba wani gurbinta.

Ko rigar aiki bai cire ba ya hau bas zuwa makarantar su Auta.

A ofishin malamai bai tsaya zama ba ya fara ba da haƙuri. Ya ce yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, kunya ce ta gado daga wajen uwarta, a ƙara mata ko zango ɗaya ne. Malamar ta duba takardar, ta dube shi, ta danne dariya. Ta ba shi kujera ta yi masa bayani cewa kalmar tana da fuska biyu: akwai a musanya abu da wani, akwai kuma abu ya sauya da kansa yana nan inda yake. Auta ce ta sauya. Yanzu ma sai an roƙe ta take barin wasu su yi magana.

"Autar tawa?" in ji shi.

"Ita fa, Baba. Jibi ma ita za ta wakilci ajinmu a muhawara."

Ya gyara zama, ya tambayi a kan me za a yi. Malamar ta ce a kan ko ya dace ɗa ya gaji sana'ar ubansa. Auta tana ɓangaren masu cewa bai dace ba.

Bakanike ya dubi baƙin man da ke faratansa, ya yi dariya har da ƙwalla. Sannan ya tambaya ko ana barin iyaye su zauna a layin gaba.