Gorar Nedyalka

"Riƙe min jakata, Yaya, fitsari zai kashe ni," in ji Nedyalka, ta ruga banɗaki karo na huɗu.

Tsvetana ta ɗora jakar a cinya. Gorar ruwa mai lita biyu ta leƙo daga ciki. A wannan ɓangaren asibitin, da gora ake gane masu sa'a. Sabon maganin sankarar jini da ake gwadawa sa mugayen ƙwayoyin yake su mutu da kansu, sai an yi ta shan ruwa ƙoda ta wanke gawarwakinsu. Marasa gora kuwa, tsohon maganin ne rabonsu.

Tsvetana ce ta fara jin labarin gwajin, ita ta jawo maƙwabciyar tata tun daga ƙauye zuwa birnin Plovdiv, har takardun ta cika mata. Da kwamfuta ta jefa ƙuri'a, sai ta ɗauki Nedyalka, ta bar Tsvetana da tsohon maganin. Yanzu kaluluwar wuyan Nedyalka ta baje. Ta Tsvetana kuwa ta kai ƙwan tantabara.

Ta buɗe kwalbar maganin Nedyalka da ke cikin jakar, ta zaro ƙwaya ɗaya, ta damƙe. Ta san nas na ƙirga su duk Talata, wanda nasa suka ɓace a cire shi daga gwajin. Yau Talata.

Nedyalka ta dawo tana gyara siket.

"Albishirinki! Na ga shamuwa da safe, kan turken lantarki."

"Har shamuwar ma ke ta zaɓa." Tsvetana ta dubi zaren ja da farin da ke hannun Nedyalka, wanda ita ta murza mata farkon Maris. A al'adarsu, ana ɗaure da shi har ranar da aka fara ganin shamuwa. "To me kike jira? Ki kwance ki ɗaura a bishiya, lafiya ta tabbata."

"Rufe ido na yi, na ce sai mun gani tare. Ke da ko saniya ba kya hangowa, ai sai da ɗan jagora."

Tsvetana ba ta yi dariya ba. Can ta buɗe tafin hannunta. Ƙwayar ta jiƙe da gumi.

"Wannan ta faɗo."

Nedyalka ta dubi kwalbar, murfinta a ɗaure tam. Ta karɓi ƙwayar ta mayar ciki.

Nas ta kira sunansu.

"Riƙe min gorar nan, Yaya, ta yi min nauyi."

Tsvetana ta rungume ta, ta shiga gaba. Duk waɗanda ke kan benci suka bi ta da kallo. Ba ta yi sauri ba.